Masu zane za su ratsa Amurka a mota: abubuwan gefen hanya fasaha ne ko tarkon ciniki?

Mai_Burushi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san hanyoyin Amurka. Ni da abokan sana'ata muna shirin ɗaukar ƙaramar bas daga Shikago har bakin teku a Kalifoniya, ta tsohuwar hanyar nan da ake kira Route 66. Masu zane ne mu, sai mutum ɗaya mai ɗaukar hoto. Ba manyan gidajen tarihi muka nufa ba. Abin da muke son gani shi ne abubuwan ban mamakin nan da mutane suka kakkafa a gefen titi: motocin da aka kife aka binne, ƙaton kifi na siminti, curin igiya da ya fi mutum tsawo. Duk inda muka tsaya za mu zana, in mun dawo mu baje kolin aikin.

Abin da ya dame ni, malamin da ya koya mini zane ya ce asarar mai ce kawai. Wai duk talla ce da 'yan kasuwa suka ƙirƙira don direba ya taka birki ya sayi lemo. Ina ganin girmansa ƙwarai, amma zuciyata ta ƙi yarda. Waɗanda suka gani da idonsu, me za ku ce?

Direban_Tirela40:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, hanyar cin abincina ke nan. Wurin motocin da ka ambata Cadillac Ranch ne, yamma da Amarillo a Teksas, gefen kudu na babbar hanyar I-40. Ba a biyan ko sisi, ba mai tsare ka. Ƙaramar ƙofar ƙarfe ce a jikin shinge, ka shiga ka taka cikin gona. Tun kafin ka isa warin fenti zai tare ka. Motoci goma ne a jere, kawunansu a cikin ƙasa, bayansu a sama, kuma kowa yana zuwa da gwangwanin fenti ya fesa abin da ya ga dama. Fentin ya taru ya yi kauri har siffar ƙofa da fitila ta ɓace, sai dunƙule-dunƙule masu taushi in rana ta buga. Ka rubuta sunanka, kafin ka koma mota wani yaro ya shafe shi da nasa. Iskar wurin ba ta wasa, ku tsaya ta inda take fitowa, in ba haka ba fentin a fuskarku zai ƙare. In an yi ruwa kuwa taɓo ne har idon sawu.

Hajiya_Mairo:
Malaminka ya faɗi gaskiya a kan wasu, amma ya yi musu kuɗin goro. Zane nake koyarwa, kuma ina kawo wa ɗalibai wannan maganar. Cadillac Ranch ɗin da Direba ya kwatanta, masu fasaha ne suka yi shi da gangan. Wata ƙungiya ce mai suna Ant Farm, su Chip Lord da Hudson Marquez da Doug Michels, a 1974, da kuɗin wani attajirin Amarillo, Stanley Marsh na uku. Motocin ƙirar 1949 zuwa 1963 ne, an jera su ne don a ga yadda fiffiken bayan Cadillac ya riƙa girma har ya kai ƙarshe ya fara raguwa. Tunani ne a kan yadda Amurkawa suka shaƙu da mota a wancan zamani. A 1997 da gari ya matso, aka tono su aka matsar da su mil biyu yamma.

Waɗanda malaminka yake nufi su ma suna nan. Giwar nan Lucy ta Margate a New Jersey, wadda ake shiga cikinta kamar gida, James Lafferty ya gina ta a 1881 don jawo masu sayen filaye. Wannan talla ce tsagwaronta. Amma yau ta haura shekara 140 a tsaye, filayen da aka yi ta dominsu an manta da zancensu, mutanen garin kuma su suka tara kuɗi suka cece ta lokacin da aka so rushe ta.

Sadauki_77:
Ni dai ina bayan malamin. Hajiya, da girmamawa, ki dubi Wall Drug a South Dakota. Kantin magani ne da Ted Hustead ya saya a 1931, ciniki ya ƙi, sai matarsa Dorothy ta kawo dabarar kafa alluna a hanya cewa akwai ruwan ƙanƙara kyauta. Daga nan aka cika titi da alluna, aka ƙara gumakan roba da shagunan tsaraba. Dabarar kasuwa ce mai kyau, na sara musu. Amma a ce mai zane ya ƙona mai ya je ya zauna yana zana wannan? Ya je gidan tarihin fasaha na Shikago tun kafin ya tashi mota, zai fi ƙaruwa a wuni ɗaya.

Zainabu_Hoto:
Malam Sadauki, ai ba wanda ya ce kowane allo fasaha ne. Kuma mai ɗaukar hoto John Margolies shekaru ya kwashe yana yawo yana ɗaukar irin waɗannan allunan da gidajen mai da masaukai. Hotunansa sama da dubu goma sha ɗaya suna ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka yanzu, kuma da yawan abin da ya ɗauka an rushe, hoton kaɗai ya rage.

Ɗan_Makaranta:
Kada ku manta da Carhenge, inda aka kafa tsofaffin motoci a da'ira, tunda yana kan Route 66 ɗin ku tsaya.

Direban_Tirela40:
A'a Ɗan_Makaranta, ba a kanta yake ba. Carhenge yana Alliance ne a Nebraska, can arewa nesa. Route 66 jihohi takwas ta ratsa: Illinois, Missouri, Kansas, Oklahoma, Teksas, New Mexico, Arizona, Kalifoniya. Kusan mil 2,448. Kuma Mai_Burushi ka sani, hanyar an cire ta daga jerin manyan hanyoyin ƙasa tun 1985. Guntu-guntu ta rage. Wani wuri tana gefen sabuwar hanya, wani wuri ta bi ta tsakiyar gari, wani wuri ta mutu a cikin ciyawa sai kun juyo. In kun bar wa taswirar waya, kan I-40 za ta miƙe da ku ku wuce komai ba ku sani ba.

Hajiya_Mairo:
Carhenge ɗin ma ya cancanci a yi maganarsa. Jim Reinders ya zauna a Ingila ya ga duwatsun Stonehenge, da mahaifinsa ya rasu sai ya tara dangi a 1987 suka kafa tsofaffin motoci a da'ira irin ta duwatsun, suka shafe su da fenti ruwan toka. Don tunawa da uba aka yi. Me yake sayarwa a nan, Malam Sadauki?

Kuma wannan ne ɓangaren da ya fi taɓa ni. Akwai mutanen da ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su, ba su yi makarantar zane ba, suka ba da rayuwarsu ga abu ɗaya. In kun isa Los Angeles, don Allah ku je Watts Towers. Simon Rodia, baƙo daga Italiya, lebura mai aikin gini, ya fara a 1921 ya gama a 1954. Shekara 33 shi kaɗai, bayan ya taso daga aiki da ranakun hutu. Ba walda, ba katakon hawa. Rodi yake lanƙwasawa ya ɗaure da waya, ya shafe da siminti, ya manna fasassun kwalabe da tangaran da ɓawon dodon koɗi na teku tun simintin yana ɗanye. Hasumiyar da ta fi tsawo ta kusa mita 30. Na tsaya a gindinta na kai idona kusa: ga gindin koren kwalbar lemo, ga hannun kofin shayi, ga shatin kan famfo da ya danna a jikin siminti ya fitar da fure. Kowane taku akwai shawarar da hannu ya yanke. Da ya gama sai ya ba maƙwabcinsa wurin ya yi tafiyarsa. A 1959 hukuma ta ce gini ne mai haɗari a rushe, aka ɗaura igiyar ƙarfe aka ja da na'ura don gwaji, hasumiyar ta ƙi motsi. In wannan ba fasaha ba ce, ban san abin da nake koyarwa ba.

Sadauki_77:
Watts na yarda, Hajiya. Amma wannan a cikin birni yake, ba abin gefen hanya ba ne. Kin ɗauko mafi kyau kin kare marasa kyau da shi. Curin igiya fa?

Ummu_Sadiq:
Curin igiya na Cawker City a Kansas mun je da yara. Manomi ne, Frank Stoeber, ya fara nannaɗe ragowar igiyar ɗaurin ciyawa a 1953, daga baya ya ba garin. Yana ƙarƙashin rumfa a bakin titi. Abin da ya ba ni sha'awa, har yanzu ƙaruwa yake yi. Wata dattijuwa ta kawo mana igiya a kan ƙaramin abin naɗi, yarana suka zagaya da ita suka ƙara tasu, ta rubuta tsawon a littafi. Duk Agusta garin yana yin biki a ƙara masa. Warinsa kamar rumbun da ya sha damina, ƙasansa ya baje saboda nauyi. Ban ce kyakkyawa ba ne. Amma ƙaramin gari ne da ya sami abin da zai haɗa kansa a kai, kuma yarana har yau suna cewa akwai igiyarsu a ciki.

Ɗan_Makaranta:
Na Darwin a Minnesota fa? Na ji wai shi ne mafi girma.

Ummu_Sadiq:
Garin yana kiransa mafi girman da mutum ɗaya ya naɗa. Francis Johnson, daga 1950, shekara 29 yana yi. Yanzu yana cikin ɗakin gilashi, ba a taɓawa, ba a ƙarawa. Na Kansas kuwa na kowa ne. Mai zane zai sami abin tunani a bambancin nan.

Baba_Alhaji:
'Ya'yana, na karanta duka. Na daɗe a ƙasar nan, bari in ƙara abin da ba ku taɓo ba. Ana yi wa Route 66 kirari da hanyar 'yanci, amma ba kowa ya same ta haka ba. Lokacin da take tashe, baƙar fata yana iya tuƙi wuni guda bai sami inda za a sayar masa da abinci ko a ba shi ɗaki ba. Akwai garuruwan da doka ko al'ada ta ce kada rana ta faɗi baƙin mutum yana ciki. Shi ya sa wani ma'aikacin gidan waya a New York, Victor Hugo Green, ya fara buga jagoran nan da ake kira Green Book a 1936, yana jera masaukai da gidajen mai da wuraren cin abinci da za su karɓi baƙaƙen fata. An ci gaba da buga shi har tsakiyar shekarun 1960. A Luther ta Oklahoma akwai tsohon gidan man iyalin Threatt, baƙaƙen fata ne suka mallake shi, matafiya suna samun mai da wurin hutawa a nan. Ginin dutse ne ƙarami, ba ƙaton kifi ba ne, ba mai walƙiya ba. Ɗana Mai_Burushi, in za ku zana hanyar nan ku bar wannan, to kun zana rabinta. Yau abubuwa sun canza sosai, mutanen ƙauyukan galibi masu karamci ne, amma ku isa masauki da sauran rana, ku ajiye takardun mota a kusa.

Mai_Burushi:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Luther ta shiga jerinmu yanzu.

Zainabu_Hoto:
A kan maganar Baba, akwai makamanciyarta a Arizona da New Mexico. Za ku ga masaukai da shaguna da aka gina da siffar bukkokin 'yan asalin ƙasar, irin masaukin Wigwam na Holbrook, na 1950. Bukkar mai tsini ta mutanen filayen tsakiya ce, ba ginin Navajo ko Hopi da ke zaune a yankin ba. An ɗauki kamannin mutane an yi talla da shi. A nan kam malaminka yana da hujja. In za ku sayi azurfa ko saƙa, ku saya hannun masu yi. Akwai dokar 1990 da ta hana sayar da kaya da sunan aikin 'yan asali alhali ba nasu ba ne. Kuma a ƙauyukansu da yawa ba a yarda da ɗaukar hoto ko zane ba sai da izini, wani wurin ma an hana gaba ɗaya. Ku tambaya kafin ku buɗe littafin zane.

Abu_Khalil:
Ni tambayata daban ce. Yawancin abubuwan nan ba mutum-mutumi ba ne? Giwa, kifi, ƙattin mutane na roba. Ya dace Musulmi ya yi doguwar tafiya don su?

Hajiya_Mairo:
Malam Abu_Khalil, tambaya ce mai kyau, kuma hukuncinta na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan iya faɗa ta fuskar sana'a, da yawansu ba siffar mai rai ba ne. Motoci ne, hasumiya ce, igiya ce. A Oro Grande ta Kalifoniya akwai filin da marigayi Elmer Long ya cika da sandunan ƙarfe masu rassa, ya rataya kwalabe masu launi a jiki, in iska ta kaɗa suna kuka. Wanda ya zaɓi kauce wa siffar mai rai zai cika littafinsa bai rasa abin zanawa ba.

Mai_Walda:
Bari in shigo ta ɓangarena, don maganar Malam Sadauki ta tsaya mini a rai. Kuna raba talla da fasaha kamar ba sa zama a tukunya ɗaya. A North Dakota akwai hanya mai mil 32 da ta tashi daga I-94 ta nufi wani ƙaramin gari, Regent. Garin yana mutuwa, matasa suna tafiya. Wani tsohon malamin makaranta, Gary Greff, ya ce zai sa masu wucewa su karkato. Daga 1989 ya fara ƙera manyan siffofi da tarkacen ƙarfe, tsofaffin tankunan mai da bututu, a kan aikin ya koyi walda. Na agwagwan daji masu tashi, tsawonsa ƙafa 110, ya shiga kundin Guinness. Ni da nake riƙe da wutar walda kullum na san abin da ake nufi da a ɗaga farantin ƙarfe mai wannan faɗi a filin da iska ba ta da abin da zai tare ta, a ce ya tsaya shekaru da sanyi da ƙanƙara. Sai ka lissafa inda nauyi zai sauka, ka san inda za ka bar wa iska hanya. Niyyarsa a fili take: a zo gari a sayi abinci, a kwana. To don yana son garinsu ya ci kasuwa sai aikin hannunsa ya tashi daga fasaha?

Sadauki_77:
Mai_Walda, na ji, kuma na girmama wahalar. Amma wahala daban, kyau daban. Mutum zai iya shekara talatin yana abu ya fito ba kyau. Tsoron da nake yi wa su Mai_Burushi shi ne su dawo da zanen abubuwan da dubban mutane suka riga suka ɗauka a waya. Me za su ƙara?

Zainabu_Hoto:
Wannan tambayar ita ce ta gaske. Ni a ganina abin da za su ƙara yana wurin mutanen da ke kula da wuraren. Kifin nan na Catoosa a Oklahoma, Hugh Davis ne ya gina shi a farkon shekarun 1970, kyauta ga matarsa Zelta don murnar zagayowar ranar aurensu. Ƙafa 80, a bakin tafki, yaran unguwa suka mayar da shi wurin wanka. Da aka rufe ya lalace, mutanen gari ne suka fito da fenti suka gyara. A Seligman ta Arizona kuma, da sabuwar hanya ta kauce wa garin a 1978 ciniki ya mutu rana ɗaya, wanzamin garin Angel Delgadillo ne ya tara mutane a 1987 suka kafa ƙungiyar da ta sa jihar ta amince da hanyar a matsayin ta tarihi. Wanda ya tsaya minti biyar ya ɗauki hoto ba zai ji wannan ba. Mai zane yana zama awa biyu, uku a wuri ɗaya, kuma duk wanda ya zauna haka sai wani ya zo ya leƙa takardarsa ya fara ba shi labari.

Anti_Bilki:
Kowa yana ta tarihi, ba wanda ya yi maganar jiki. Mun taɓa ratsa hamadar Mojave da rani, lagireton motar haya ya tafasa tsakanin garuruwa biyu, ba inuwa, waya ba sabis. Wani dattijo mai akori-kura ne ya tsaya ya ba mu ruwa ya kira mai ja. Ku sa bakanike ya duba bas ɗin kafin ku tashi, ku riƙe ruwa da yawa, kada tanki ya sauka ƙasa da rabi daga Arizona zuwa gaba. Gwangwanin fenti na fesawa kada ya wuni a rufaffiyar mota cikin zafi, yana iya fashewa. Fentin ruwa kuma a busasshiyar iskar can yana bushewa a kan burushi kafin ka kai shi takarda, ku tafi da 'yar kwalbar fesa ruwa. Abincin halal ku yi guzuri daga manyan birane kamar St. Louis da Oklahoma City da Albuquerque, a nan ne ma za ku sami masallacin Juma'a cikin sauƙi.

Direban_Tirela40:
Gaskiyar Anti. Sannan hanyar garin Oatman a Arizona ta kan dutse ce, kwana-kwana masu tsanani, in bas ɗin doguwa ce ku yi tunani. In kun shiga garin jakuna ne ke yawo a titi, jikokin na masu haƙar zinariya, har kai suke zurawa ta taga. Ku ɓoye takardun zanenku.

Abu_Khalil:
Na ga wasu suna zuwa wani tsauni mai fenti a kudancin Kalifoniya. Shi ma na hanya ne?

Hajiya_Mairo:
Salvation Mountain ke nan, kusa da Niland, ya kauce wa hanyarsu sosai. Leonard Knight ya gina shi da laka da ciyawa da fentin da mutane suke kawo masa. Na farkon ya rushe, ya sake daga tushe. Saƙon addinin Kirista ne a rubuce a jikinsa, don haka a san abin da za a tarar. Ya rasu a 2014, masu sa kai ne ke ta shafa sabon fenti, don rana tana cinye shi. Abin da nake so Mai_Burushi ya riƙe: duk abin da kuka zana, ku rubuta sunan wanda ya gina shi a ƙarƙashi, da shekarar. Mutanen nan an daɗe ana ɗaukar hoton aikinsu ana kiransa abin dariya ba a ambaci sunansu ba. In akwai akwatin taimako ku saka wani abu, in kuma za ku sayar da zanen wurin da ke da mai shi a raye, ku nemi izininsa.

Sadauki_77:
A kan sunaye ina tare da Hajiya ɗari bisa ɗari. A kan sauran ina nan inda nake. Cikin goma, biyu ko uku ne za su cancanci a buɗe musu akwatin fenti. Mai_Burushi, in kun dawo ka nuna wa malaminka aikin kafin kowa, ka gaya mana abin da ya ce.

Mai_Burushi:
In sha Allah, Yaya Sadauki, shi zai fara gani. Mun zauna da abokan tafiya jiya, mun rage wuraren tsayawa don mu daɗe a kowanne. Mai hotonmu ya nace sai mun dawo ta arewa saboda Carhenge da aikin ƙarfen da Mai_Walda ya faɗa. Direba, hakan zai yiwu a dawowa ɗaya?

Direban_Tirela40:
Zai yiwu, amma ba a kan layi ɗaya suke ba. Ku biyo I-80 zuwa Sidney a Nebraska, ku yi arewa sama da awa ɗaya zuwa Alliance. Daga nan ku ci gaba arewa ku ratsa South Dakota, Wall Drug ma kusan a hanya yake, sai ku ga abin da Sadauki yake faɗa da idonku. Regent ta kudu za ku shige ta, ku bi mil 32 ɗin ku fita kan I-94, ku yi gabas. Gidajen mai a tsakanin nan suna da nisa da juna, wasu kuma suna rufewa da wuri, ku cika tanki a Alliance.